Yadda kafar fotasiyam ke barin babban ayon ya wuce ta tare ƙarami

Tambaya: Ayon ɗin sodiyam (ayon shi ne atam mai ɗauke da cajin lantarki) ya fi na fotasiyam ƙanƙanta, kuma cajinsu iri ɗaya ne. To ta yaya kafar fotasiyam da ke jikin tantanin ƙwayar halitta take barin fotasiyam ya wuce, ta hana sodiyam? Ai ramin da babba ya shige, ƙarami ba zai maƙale a cikinsa ba.

Amsa: Inda lissafin naka ya karkace shi ne da ka ɗauki kafar tamkar rariya. Rariya girma kaɗai take dubawa, kuma da haka kafar take, da sodiyam ya riga fotasiyam wucewa, tunda rabin faɗin ayon ɗin sodiyam angistiram 0.95 ne, na fotasiyam kuwa 1.33 (angistiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan goma na mita). Amma ayon ba ya zama tsirara a cikin ruwa. Ƙwayoyin ruwa suna kewaye da shi sun riƙe shi gam, kowace ta juyo da gefenta na oksijin wajensa, kuma wurin da kafar ta fi tsukewa ba zai ɗauki ayon tare da ruwansa ba. Dole ya tuɓe. Tuɓewar tana cin makamashi mai yawa, ta kuma fi ci a wajen sodiyam. Abin da kafar take yi shi ne ta mayar wa fotasiyam kusan duk abin da ya rasa, ta jera masa atam-atam na oksijin a daidai gurbin ruwan da ya bari. Abin da take iya mayar wa sodiyam bai kai asararsa ba, saboda haka ya gwammace zamansa a ruwa. Wannan ce ƙashin bayan amsar, sai dai ita kaɗai ba ta bayyana komai ba, musamman saurin da ayon ke wucewa da shi.

Mu fara da lambobin, domin su ne za su nuna maka girman aikin. A cikin ƙwayar halittar dabba mai shayarwa fotasiyam kusan milimola 140 ne (milimola ma'aunin yawan sinadari ne a cikin litar ruwa), a waje 4 zuwa 5. Sodiyam akasin haka yake, kusan 145 a waje, 10 zuwa 15 a ciki. Famfon sodiyam da fotasiyam, wanda Jens Skou ya gano a 1957, shi yake tsayar da wannan bambanci, yana fitar da sodiyam uku ya shigo da fotasiyam biyu da kowace ATP (sinadarin da ke ɗauke da makamashi a cikin ƙwaya) da ya ƙona. Idan fotasiyam kaɗai tantani ke bari ya wuce, cikin ƙwayar zai tsaya a kusan milibolt −89 a zafin jikin mutum. Idan kafar ta bar sodiyam ɗaya cikin dubu, lissafin Goldman, wanda ake fitar da cajin cikin ƙwaya da shi idan ayon fiye da iri ɗaya ke wucewa, ya ba da −88, ka ga ba abin da ya motsa. Ɗaya cikin ɗari ya ba da −82. Ɗaya cikin goma kuwa ya kai −53, wato ƙwayar jijiya ta riga ta kai gaɓar da za ta riƙa harba saƙo ba tare da an taɓa ta ba. Kyawawan kafofin fotasiyam suna fifita shi a kan sodiyam sau ɗari zuwa sama da dubu, kuma a lokaci guda wasunsu suna wuce da ayon kusan miliyan 100 a daƙiƙa ɗaya, wato kowane ayon nanodaƙiƙa goma yake yi ya fita.

A ma'aunin makamashi, kowane fifiko na ninki goma yana daidai da kilokalori 1.4 a kowace mol (mol ma'aunin adadin ƙwayoyin sinadari ne). Fifiko na dubu ke nan kilokalori huɗu ne da 'yan kai. Cire fotasiyam daga ruwa gaba ɗaya yana cin kilokalori 70 zuwa 80, gwargwadon ma'aunin da aka bi, cire sodiyam kuma ya fi haka da kimanin 17. Dalilin shi ne cajin sodiyam ya tattaru a ƙaramin wuri, ruwa yana matsowa kusa da shi, riƙon ya fi ƙarfi. Lura da abin da wannan ke nufi: duk wani wurin ɗauri mai oksijin, har da na cikin kafar fotasiyam, yana jan sodiyam tsirara da ƙarfi fiye da yadda yake jan fotasiyam tsirara. Ba ƙin sodiyam kafar take yi ba. Rarar jan da take yi masa ce ba ta kai 17 ɗin nan ba, ta tsaya a wajen 12 ko 13, kuma wannan ɗan giɓin na kilokalori huɗu ko biyar shi ne zaɓen gaba ɗayansa. Ƙaramin bambanci ne tsakanin manyan lambobi biyu, shi ya sa lissafin kwamfuta a wannan fage yake da saurin kuskure: ɗan karkata kaɗan a ɗaya daga manyan lambobin sai ya juya sakamakon.

Tun kafin kowa ya ga siffar kafar, masu auna lantarkin jijiya sun hango yawancin wannan. A 1955 Alan Hodgkin da Richard Keynes suka bi fotasiyam mai alamar rediyo a babbar jijiyar wata dabbar teku, suka ga shige da fice ba sa tafiya kamar ayon-ayon masu cin gashin kansu, sai kamar guda biyu ko uku ne suke tafiya a layi ɗaya cikin matsattsen rami, kowane yana tura na gabansa. A 1972 Francisco Bezanilla da Clay Armstrong, sai Bertil Hille a 1973, suka kawo shawarar cewa akwai zobe na oksijin mai faɗin angistiram uku ko ɗan fiye, wanda yake maye gurbin ruwa. A 1987 aka ware ƙwayar gadon Shaker daga ƙudan Drosophila a ɗakin binciken Lily Jan da Yuh Nung Jan, aka samu jerin amino asid na kafar fotasiyam ta farko. Da aka yi ta sauya amino asid ɗaya bayan ɗaya, Lise Heginbotham da Roderick MacKinnon suka nuna a farkon shekarun 1990 cewa zaɓen yana rataye a wani gajeren jeri da ke maimaita kansa a kusan duk kafofin fotasiyam, daga bakteriya har mutum. Siffar kanta ta fito a 1998 daga ɗakin binciken MacKinnon a Jami'ar Rockefeller ta Amurka, ta kafar KcsA daga bakteriyar ƙasa Streptomyces lividans, aka kuma sake ta da ƙarin tsabta a 2001. A kan wannan ya raba kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai da Peter Agre a 2003.

Ga abin da aka gani. Kafar furotin huɗu ne iri ɗaya da suka haɗu suka kewaye rami guda a tsakiya. Idan ka biyo ta daga cikin ƙwayar, da farko akwai ƙofa wadda take buɗewa da rufewa, kuma ba ita ke zaɓe ba. Bayanta akwai kogo cike da ruwa mai faɗin angistiram 10, a daidai tsakiyar tantani. Wannan kogon dabara ce babba, domin tsakiyar tantani maiƙo ne, wurin da ayon ya fi ƙi, sai ga shi ya isa can yana cikin ruwansa. Akwai kuma gajerun sassa murɗaɗɗu guda huɗu da suka nuna bakinsu mai cajin negatib zuwa kogon, suna ƙara wa ayon mai cajin fositib natsuwa. A hoton 2001 an ga fotasiyam zaune a kogon da ƙwayoyin ruwa takwas a kewaye da shi, huɗu sama huɗu ƙasa. Daga kogon zuwa wajen ƙwaya sai matacin, tsawonsa angistiram 12 kacal, faɗinsa kimanin uku. Nan kaɗai ayon yake tafiya ba ruwa a gefensa.

Matacin an gina shi da amino asid biyar daga kowane ɗaya cikin furotin huɗun: tiriyonin, balin, gilaisin, tairosin, gilaisin, abin da ake taƙaitawa TVGYG, masu lamba 75 zuwa 79 a KcsA. Abin mamakin da ba a yi tsammani ba shi ne rassan waɗannan amino asid ba su ne suke fuskantar ramin ba. Ban da na tiriyonin, sun juya baya, sun nutse cikin jikin furotin. Abin da ke fuskantar ramin oksijin ne na kabonil (atam ɗin kabon haɗe da na oksijin), na ainihin sarƙar furotin. A sarƙar da aka saba gani, kabonil ɗaya yana kallon nan na gaba yana kallon can, ba sa jeruwa gefe guda. Gilaisin ne ya sa suka jeru, domin ba shi da reshe, yana iya lanƙwasawa ta kusurwar da sauran amino asid ba sa iyawa. Shi ya sa sauya gilaisin a nan yake ɓata komai. Tairosin kuwa reshensa ya miƙa baya ya ƙullu da amino asid na kewaye, ciki har da tiriftofan, wannan ƙullin ne yake tallafe matacin daga baya.

Sakamakon shi ne zobba biyar a jere, kowane da oksijin huɗu, ɗaya daga kowane furotin. Huɗu na kabonil ne, na biyar da ke bakin kogo na reshen tiriyonin ne. Tsakanin kowane zobba biyu akwai mazauni ɗaya, mazaunai huɗu ke nan, S1 a gefen waje zuwa S4 a gefen ciki, tazarar kowane da na kusa da shi angistiram uku da ɗoriya. Fotasiyam da ke zaune a ɗayansu oksijin takwas ne suke taɓa shi, huɗu sama huɗu ƙasa, a nisan kimanin angistiram 2.8. Ka kwatanta da yadda aka gan shi a kogo: lamba ɗaya, tsari ɗaya. Yana barin ruwa huɗu na gabansa kabonil huɗu suna karɓarsa, ya ƙara matsawa ya bar huɗun baya wasu huɗu su karɓa. Ba a taɓa barinsa ba oksijin a jikinsa, saboda haka ba ya biyan kilokalori 80 ɗin nan a dunƙule. Sodiyam kuwa nisan da yake so tsakaninsa da oksijin kimanin 2.4 ne, kuma biyar ko shida suka fi dacewa da shi, ba takwas ba.

Bayanin farko da aka gina a kan wannan hoto shi ne na dacewar awo: matacin ƙaƙƙarfa ne, an auna shi da fotasiyam, ba zai iya tsukewa ya rungumi sodiyam ba, sai sodiyam ya zauna yana lilo a tsakiya. Shi ne har yau yake cikin yawancin littattafan karatu, kuma ba ƙarya ba ne, amma ba zai tsaya da ƙafarsa shi kaɗai ba. Bambancin rabin faɗin ayon biyun angistiram 0.38 ne. Furotin a zafin jiki ba ya zama cik, atam-atam na matacin suna kaɗawa da rabin angistiram zuwa ɗaya. Abin da ke motsi da wannan girma ba zai iya tantance 0.38 ta ƙarfin gini kawai ba. Sergei Noskov, Simon Bernèche da Benoît Roux suka kafa wannan hujja a 2004, suka nuna da kwaikwayon kwamfuta cewa ko an saki kabonil takwas suna motsi yadda suka ga dama, fotasiyam suke fifitawa. Dalilin yana cikin kabonil ɗin kansu. Kowane oksijin yana ɗauke da ɗan cajin negatib, suna tunkuɗe juna. Don su taɓa sodiyam dole su takwas su cunkushe a ƙaramin wuri, tunkuɗar da ke tsakaninsu sai ta cinye ribar. A kewaye da fotasiyam akwai sarari.

Wannan ya koma kan tsohon ra'ayin George Eisenman na 1962, wanda ya samo daga nazarin gilashin da ake auna ayon da shi: mazauni mai ƙarfin caji sosai yana iya biyan tsadar tuɓe ƙaramin ayon, mai matsakaicin ƙarfi kuwa babban ayon mai arha yake ɗauka. Kabonil matsakaici ne. Kafar sodiyam ta bi ɗaya hanyar, ta sa rassa masu cikakken cajin negatib a matacinta, ta kuma bar shi da faɗi yadda sodiyam zai wuce da wani ɓangare na ruwansa, fifikonta kuma bai kai na kafar fotasiyam ba, ninki goma ne da ɗoriya. Wasu masu bincike, kamar Sameer Varma da Susan Rempe a 2007, suka ƙara da cewa adadin ne ya fi muhimmanci: ginin furotin yana tilasta takwas, ya hana mazaunin sake tsari ya koma shida. A ganina saɓanin bai kai yadda aka zuzuta shi ba. Irin oksijin, adadinsu, da iyakar da gini ya sa wa motsinsu duk suna aiki tare, gardamar a kan rabon kowanne ce.

Hujja mafi kaifi da ke nuna cewa mazauni ɗaya bai isa ba ta fito daga kafar NaK ta bakteriyar Bacillus cereus, wadda ɗakin binciken Youxing Jiang ya bayyana siffarta a 2006. Jerin matacinta TVGDG ne, amino asid ɗaya ya bambanta da na KcsA. S3 da S4 nata suna nan daram, kusan ba ka bambanta su da na KcsA, amma wurin S1 da S2 ya buɗe ya zama ɗan fili mai ruwa. Wannan kafa sodiyam da fotasiyam duk suna wuce ta. A 2011 suka yi mata gyare-gyare: wadda aka mayar mai mazauni uku ba ta zaɓe, wadda aka mayar mai huɗu, ta sauya amino asid biyu, ta zama kafar fotasiyam sosai. Daga baya aka auna ɗauri kai tsaye aka ga ita ma NaK marar zaɓe ta fi riƙe fotasiyam a kan sodiyam. Wato fifiko wajen ɗauri daban, fifiko wajen wucewa daban. Sai mazaunai huɗu sun jeru, kullum da fotasiyam aƙalla biyu a ciki, sannan sodiyam da ya leƙo zai tarar sai ya ture fotasiyam biyu masu zaman daɗi ɗaya bayan ɗaya, kuma kafin ya yi haka ya riga ya koma inda ya fito. Halitta ma ta yi wannan gwajin: kafar HCN, wadda ke cikin masu saita bugun zuciya, tana da GYG a jerinta, amma siffarta da aka fitar a 2017 ta nuna mazauni biyu kawai, kuma fifikonta ninki huɗu ne kacal. Ganin GYG a jeri ba shi ne shaidar zaɓe ba.

Yanzu sauri. Ƙa'ida ce cewa abin da ka riƙe da ƙarfi ba ka saurin sakinsa, to yaya matacin da ya dace da fotasiyam haka yake sakinsa cikin nanodaƙiƙa goma? Da fotasiyam ɗaya ne a ciki, da ya daɗe. Amma na biyu yana shigowa, cajinsu iri ɗaya, suna tunkuɗe juna, tunkuɗar ta soke yawancin riƙon. Binciken João Morais-Cabral, Yufeng Zhou da MacKinnon na 2001 ya nuna kowane mazauni yana cike kusan rabin lokaci, jimilla ayon biyu. Suka fassara shi da cewa matacin yana jujjuyawa tsakanin yanayi biyu: fotasiyam a S1 da S3 da ruwa a S2 da S4, ko fotasiyam a S2 da S4 da ruwa a sauran. Makamashin yanayin biyu kusan ɗaya ne, saboda haka layin yana zamewa ba tangarɗa. Na uku ya shigo ta wannan baki, na ƙarshe ya fice ta wancan, abin da Hodgkin da Keynes suka hango shekara 46 kafin nan.

Batun ruwan da ke tsakaninsu har yanzu ba a rufe shi ba. A 2014 wata tawaga ƙarƙashin Bert de Groot da Ulrich Zachariae ta ba da rahoton cewa a kwaikwayonsu saurin gaske yana samuwa ne idan ayon-ayon suna zaune a mazaunai masu maƙwabtaka, ba ruwa a tsakani, suna tura juna kai tsaye. Suka kuma ce wannan kansa hanyar zaɓe ce, tunda mataci marar ruwa sai wanda ya yarda ya tuɓe gaba ɗaya, sodiyam kuwa ba ya sakin ruwansa na ƙarshe da sauƙi. A 2016 wani awo da hasken infrared ya goyi bayan tsohon tsari mai ruwa a tsakani, wasu awon da aka yi daga baya kuma suka karkata ga sabon. Hoton kiristal, irin na 1998 da 2001, ba zai raba gardamar cikin sauƙi ba, domin matsakaicin miliyoyin kafofi yake nunawa, ba kafa ɗaya a lokaci ɗaya ba.

Sauran ayon-ayon suna gwada bayanin ta wata fuska. A awon Hille na jijiyar kwaɗo, idan fotasiyam 1 ne, taliyam 2.3 ne, rubidiyam 0.91, amoniyam 0.13, sodiyam ƙasa da 0.01. Masu wucewa duk girmansu ya yi kusa da na fotasiyam. Sisiyam, mai rabin faɗi 1.69, yana shiga ya toshe, shi ya sa masu bincike suke cika bututun awo da shi idan suna son kashe kafofin fotasiyam su ga na sodiyam ko kalsiyam. Bariyam ya fi ban sha'awa. Rabin faɗinsa 1.35, kusan daidai da fotasiyam, mazaunin ya yi masa cif, amma cajinsa biyu ne, riƙon ya yi yawa, sai ya zauna ya hana kowa wucewa. Gubar bariyam ta nan take kashewa: fotasiyam ya kasa fita daga ƙwayoyin tsoka, na jini ya faɗi, tsoka ta shanye. Jacques Neyton da Christopher Miller sun yi amfani da wannan toshewa a 1988 suka ƙirga mazaunan kafar shekara goma kafin a ga hotonta. Shi kansa sodiyam ba a bakin ƙofa yake tsayawa ba. Daga ciki yana shiga kogo ya toshe na ɗan lokaci, kuma idan bolta ta yi yawa ana iya cusa shi ya fice ta matacin. Binciken ɗakin Crina Nimigean na 2009 ya nuna cewa ƙananan ayon irin sodiyam da litiyam suna da wurin zama a matacin, sai dai ba a tsakanin zobba biyu ba, a tsakiyar zobe ɗaya, inda oksijin huɗu suke kewaye su da ruwa a sama ko ƙasa. Matsalar sodiyam ita ce isa wurin alhali fotasiyam yana zaune a mazaunin da ke manne da shi.

Wannan ya kawo mu ga abin da mutane da yawa ba su sani ba: fotasiyam ɗin kansa yana cikin abin da ke riƙe matacin a tsaye. Oksijin ashirin masu tunkuɗe juna ba za su zauna suna fuskantar rami ba kowa ba. A kiristal ɗin KcsA da aka yi da fotasiyam milimola 200 matacin yana buɗe da mazaunansa huɗu, a wanda aka yi da milimola 3 kuwa ya tsuke a tsakiya, ya daina wuce da komai. Wasu kafofin idan aka ɗauke musu fotasiyam gaba ɗaya ba rufewa suke yi ba, sodiyam suke fara bari ya wuce, kafar da ake kira Kv2.1 misali ce sananniya. A asibiti ana ganin gefen wannan. Fotasiyam na jini yakan zauna tsakanin milimola 3.5 da 5. Idan ya faɗi, lissafi zai ce fotasiyam ya ƙara saurin fita daga ƙwayoyin zuciya, amma kafar fotasiyam ta zuciya da ake kira hERG raguwa aikinta yake yi, domin matacinta yana saurin shiga yanayin rufewa idan fotasiyam na waje ya yi ƙaranci. Zuciya sai ta daɗe kafin ta koma hutu bayan kowane bugu, haɗarin rikicewar bugu ya ƙaru.

Idan kuwa gadon ne ya taɓu, sakamakon a fili yake. A ɓerayen da ake kira weaver, gilaisin na farko na GYG a kafar fotasiyam mai suna GIRK2 ya koma wani amino asid, serin. Kafar ta fara shigo da sodiyam, ƙwayoyin jijiya na ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙeya suna mutuwa, ɓeran yana tafiya yana tangaɗi. A mutum, tawagar Richard Lifton ta gano a 2011 cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙananan ƙari na glandar da ke kan ƙoda masu fitar da aldostiron (sinadarin da ke sa ƙoda riƙe gishiri) fiye da kima suna ɗauke da sauyi a ƙwayar gadon KCNJ5, ta wata kafar fotasiyam. Sauyi biyu suka fi yawa: G151R, wanda shi ma gilaisin na farko na GYG ne, da L168R, wanda yake jingine da tairosin daga baya. Sodiyam ya shigo, cajin cikin ƙwaya ya tashi, kafofin kalsiyam suka buɗe, kalsiyam ya kunna haɗa aldostiron ba tsayawa, sai hawan jini mai wuyar magani da ƙarancin fotasiyam a jini.

Idan za ka auna zaɓen da kanka, hanyar da aka saba ita ce a sa fotasiyam milimola 150 a gefen ciki na tantani, sodiyam 150 a gefen waje, a nemi boltar da wutar ke juyawa a kanta. A zafin ɗaki kowane ninki goma milibolt 58 zuwa 59 ne, wato fifiko na ɗari zai ba da kusan −118, na dubu kusan −177, kuma a irin wannan bolta tantani da manne bututun sukan fara yoyo. Ɗan yoyo kaɗan yana jan sakamakon zuwa sifili, kafar ta bayyana kamar ba ta iya zaɓe ba. Gishirin sodiyam da kake amfani da shi yana iya ɗauke da ɓurɓushin fotasiyam, kuma milimola 0.15 kacal a cikin 150 ya isa ya sa ba za ka taɓa auna fiye da dubu ba, komai kyawun kafar. Fotasiyam da ke fitowa ta kafar ma yana taruwa a bakinta na waje idan ruwan ba ya gudana. Akwai kuma boltar da ke tasowa a mahaɗar ruwa biyu mabambanta, 'yan milibolt ne amma dole a cire su. Saboda waɗannan ne takardu masu hankali suke rubuta "ƙasa da 0.01" maimakon lamba tsayayya. Kada kuma ka haɗa awon boltar juyawa da awon yawan wutar da ke gudana. Rubidiyam a awo na farko ya kusa kamo fotasiyam, amma a kafofi da yawa wutar da yake ɗauka ta yi ƙasa sosai, domin yana shiga da sauƙi ya daɗe bai fita ba. Haka nan duk awon sodiyam da aka yi bayan an wanke fotasiyam daga gefe biyu, matacin da aka auna ba shi ne wanda ke aiki a ƙwaya mai rai ba, sai a bar ko da milimola kaɗan a gefe ɗaya a sake gwadawa.